Soson da Na Riƙa Matsewa

Assalamu alaikum.

Shugaban wannan asibiti, manyan likitoci, malaman jinya da sauran ma'aikata. Hajiya, matar marigayi, da 'ya'yansa da ƙannensa. 'Yan'uwana da muka yi watanni muna zaman jira a kan dogon bencin ɗaki na huɗu: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Masu jinya ne suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu. Na ce su nemi mai ilimi, suka ce ni na fi kowa ba shi wahala, don haka ni zan tsaya. Sai da na aurar da 'ya'ya uku na shiga ajin manya, saboda haka idan kun ga ina laluben layi, ku yi mini haƙuri.

Mu a benci ba ma ce masa Likita. Baba Mai Soso muke ce masa, kuma yana amsawa.

Autata malamar lissafi ce. Cutar numfashi ta kwantar da ita mako uku. Tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi, amma 'yata ba ta dawo daidai ba. Ta taka matakalar bene biyar kacal sai ta zauna tana haki. Ta fara magana sai ta manta inda ta dosa. Ranar da ta gwada komawa aji, ta tsaya da alli a hannu, sunayen ɗalibanta suka ɓace mata. Shugaban makaranta ya ce zai jira ta zuwa farkon zango mai zuwa. Idan ba ta samu sauƙi ba, dole ya ba wani ajin. Da wannan nauyi muka shigo ɗaki na huɗu.

Likita ya zaunar da mu ya ce, “Mama, babu tiyata, babu allura. Soso biyu za a jiƙa da ruwan gishiri a ɗaura mata a kai, a saki lantarki ɗan mitsitsi na minti ashirin, don a zaburar da sashen ƙwaƙwalwar da cutar ta bari da kasala. Wasu yana yi musu amfani, wasu ba ya yi. Har yanzu bincike ake yi. Ba zan yi miki alkawari ba.”

Duk bayanin nan, abu biyu kawai suka shiga kunnena: ruwa da lantarki. Shekara talatin ina bugun hannun yara idan sun nufi soket da jiƙaƙƙen hannu, yau kuma a ce a haɗa su a goshin 'yata?

To, ga abin da na yi. Idan Sista, malamar jinyar ɗakin, ta jiƙa soson ta juya tana haɗa wayoyi, sai in ce bari in gyara wa Auta ɗankwali, in damƙe soson a cikin mayafina in matse shi tas. Da an kunna na'ura sai ta yi ƙara ta ƙi tashi. Kwana uku ana haka. Aka kira mai gyara, ya kwance ta ya mayar, ya rantse lafiyarta ƙalau. Sista ta ce, “Ni dai wannan na'ura da Auta kaɗai take gaba.”

Rana ta huɗu Likita ya shigo da kansa. Bai kalli na'ura ba, ni ya kalla. Mayafina shuɗi ne, gefensa duk ya yi fari-fari da busasshen gishiri.

Ya ce, “Mama, wannan mayafin naki ya kusa warkewa ko? Kwana uku yana karɓar magani.”

Na rasa inda zan sa kaina. Bai yi mini faɗa ba. Ya hau kujerar marasa lafiya, ya miƙo mini soso. “Jiƙa da hannunki, ki ɗaura mini.”

Na ce, “Haba Likita, kana da iyali fa.”

Ya ce, “Shi ya sa nake so ki jiƙa shi sharkaf. Busasshe ne ke ƙona fata. Da na'urar nan ba ta ƙi tashi ba, da kin yi wa Auta tabo a goshi.”

Ashe abin da nake yi don in kare ta shi ne zai cuce ta. Ya yi zaune da soso a ka yana ba Sista labarin ƙwallo. Da ya sauka ya ce saura ni. Na hau ina salati. Ɗan ƙaiƙayi ne kawai, kamar tururuwa tana yawo a goshi.

Ya kasance mai yi wa kowane sabon zuwa haka. Shi zai fara ɗaurawa, har goshinsa ya riƙa yin ja a ranakun da muka yi yawa.

Ya kasance mai faɗa mana gaskiya ko ba daɗi. Direban nan da ke zaune a baya, wata biyu ana maƙala masa ƙaramar na'ura a kunne saboda bugun zuciya, bai ga canji ba. Likita ya ce masa, “Ɗan'uwa, wannan hanya ba taka ba ce,” ya kama hannunsa har sashen zuciya. Ga shi nan ya zo yau.

Ya kasance ba ya raina tsoron uwa.

Hajiya, akwai abin da zan nemi yafiyarki a kansa. Ranar Litinin da muka tarar da Sista idanunta jawur, ta ce Likita ya faɗi a gida Allah Ya yi masa rasuwa, ba ke na fara tunawa ba. Cewa na yi a raina: saura zama goma, wa zai ƙarasa wa Auta? Har yau ina jin kunyar wannan tunani.

Ashe bai bar mu a hanya ba. Sista ta buɗe fayil, komai a rubuce: inda za a ɗaura, ƙarfin da za a saki, ranar da za a tsaya. Ga kuma matasan likitoci biyu da ya horar. Ko zama ɗaya ba mu rasa ba.

Makon jiya aka koma makaranta. Na bi Auta, na laɓe a bayan taga. Ta kira yara arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya, ba ta buɗe rajista ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka har maigadi ya kawo mini kujera. Har yanzu takan gaji bayan azahar. Ban sani ba ko soson ne, ko lokaci, ko addu'a. Shi ma da yana nan cewa zai yi bai sani ba. Amma ajin yana hannunta. Can take yanzu, shi ya sa ba ku gan ta a nan ba.

Ku 'ya'yansa, ranakun da kuka yi ta jiransa bai dawo da wuri ba, yana wurinmu. Mun gode da kuka ba mu aronsa. Mun gode wa asibiti da bai rufe ɗakin ba.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba Hajiya da zuri'arsa haƙuri, Ya ba waɗanda ke kan benci har yanzu lafiya. Ya Allah, bawanka ya kwantar mana da hankali lokacin da muke firgice; Ka kwantar masa da nasa. Amin.