Akushin da Safiyatu Ta Zuba Wa Tuwo

Safiyatu: Salamu alaikum. Kaka, ina wuni?

Kaka: Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar matata da ta gudu Bagwai ta bar ni?

Safiyatu: Kai Kaka. Ya jiki? Ya mutanen Tsanyawa?

Kaka: Alhamdu lillahi. Ya damina?

Safiyatu: Da godiya. Ruwan ne dai shiru.

Kaka: Nan ma gero duk ya lanƙwashe. Ina Usaini ɓarawon matata? Yana nan yana sassaƙa da inji?

Safiyatu: Ya je kasuwa. Kaka... in akushi ya saɓule, yana gyaruwa?

Kaka: Shekara hamsin ina sassaƙa, ban taɓa ganin akushi ya saɓule ba. Maciji ne?

Safiyatu: Wannan na ado ne. Wata Hajiya a Kano ta ce ya kai mata guda ta gani gobe, in ya yi mata za ta sa a yi da yawa. Ka san rumbunmu babu komai.

Kaka: To?

Safiyatu: Sai ya shafe shi da man ƙyallin nan na kujeru, har kana ganin fuskarka. Ɗazu babansa ya zo daga Shanono, na ji nauyin in sa masa tuwo a roba.

Kaka: Kika juye a na Hajiya!

Safiyatu: Da zafinsa. Baba ya ci loma biyu ya ce miyata tana warin shagon kafinta. Da na wanke, cikin duk ya tashi kamar fatar albasa.

Kaka: Hahaha! Allah Sarki suruki. Tsaya tukuna, wai da gaske a injin nan itacen ne ke juyawa, mutum yana tsaye?

Safiyatu: Itacen ke juyawa, shi kuma ya kanga masa ƙarfe. Kaka, katin wayata kaɗan ne.

Kaka: Ba gizago ko sau ɗaya? Ikon Allah. Wane itace ne? Halo? Halo!

Safiyatu: Ina ji. Ƙirya ce, wani tsohon kututture ya tono a bakin gona.

Kaka: Ƙirya ya rufe da man kujera? Wannan yaro! Yanzu me kike gani a inda ya tashi?

Safiyatu: Ja ne, da wasu layuka suna zagayawa kamar an jefa tsakuwa a tafki. Da ba sa fitowa sosai. Ni dai... na ɗan goga man kaɗe a wurin.

Kaka: Wa ya koya miki?

Safiyatu: Ina kallonka ai, lokacin da nake kawo maka fura.

Kaka: Kina sunkuyar da kai ashe sata kike! Ya ya yi?

Safiyatu: Ya yi duhu, layukan suka fito. Sai na fasa kwalba na shiga kankare sauran ƙyallin. Na kai rabi, tsoro ya kama ni.

Kaka: Ƙarasa! Ki bi yadda layin ya kwanta, kar ki gitta. Ki ɗumama man, ki shafa, ki sa a rana, gobe da safe ki ƙara.

Safiyatu: In Hajiya ƙyalli take so fa?

Kaka: Wannan ban sani ba, 'yar nan. Mutanen birni sai Allah. Amma rabi da rabi ba mai saye.

Safiyatu: Wayyo, ga ƙarar babur ɗinsa! Akushin yana kan turmi a tsakar gida!

Kaka: Kar ki kashe! Ina kike?

Safiyatu: Bayan ƙofa. Ya gani. Ya ɗauka.

Kaka: Ya fuskarsa?

Safiyatu: Ban gani ba, ya ba ni baya. Yana juya shi a rana... yana murza wurin da babban yatsa.

Kaka: Sai me? Yi magana mana!

Safiyatu: Ya tsuguna. Kaka, ya ɗauki fasasshiyar kwalbar. Yana kankare sauran!

Kaka: Madalla! Ba shi wayar, in tambaye shi yadda injin nan yake...

Safiyatu: Yana kirana. Sai anjima.