Takalman Malam Lawali

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta liman, dattawan Madarumfa, iyayena mata da ke can gindin tsamiya, da sauran jama'a manya da yara, ina gaishe ku.

Ku gafarce ni da na tsai da ku rana tana yi, ga noman gero na jiranku. Ni ce Kulu, matar Malam Lawali, wadda ke biya wa 'ya'yanku mata allo. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, yau ma ba don son raina ba. Na gode da kuka ba ni wuri.

Na farko, ban gani da idona ba, kuma ba zan ƙara ko kalma guda a kan abin da Audu, ƙanen Malam, ya faɗa mini ba. Kun san an ce kowane gari ya aika mutum biyar Maraɗi ranar bikin Nasara, wato Turawan Faransa, Malam na cikinsu. Audu ya ce aka jera su a filin bariki, aka busa ƙaho, aka fara jan tuta sama, 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suna waƙar Faransa. Ashe dokar wurin, kowa ya miƙe ƙyam, ya tuɓe hula. Babu wanda ya gaya wa mutanenmu. Waɗansu suka kwaikwayi na kusa da su. Malam kuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, hularsa na bisa kansa.

Wani gardi, ɗan sandan bariki, ya taho ya ce masa, "Kai tsoho, tashi! Ba ka cirewa?" Malam ya nuna masa ƙafa ya ce, "Samari, ai na cire tun ɗazu." Na baya suka yi dariya. Gardin ya ɗauka ba'a ce, ya ja shi gidan kaso, ƙafarsa ba takalmi.

Na biyu, ina tambayarku, dattawa. A cikinku wa ya taɓa tsayawa ƙiƙam a kan babba? Wa ya taɓa shiga gaban sarki kai ba hula, in ba mahaukaci ba? Mu ladabinmu a ƙafa yake, su nasu a kai. Malam ya ba tutarsu girman da yake ba mahaifinsa, aka rubuta cewa ya raina ta.

Na uku, shi ne ya fi mini nauyi. Ni na wanke hular nan. Ni na bi shi har zaure da safe na ce, "Malam, in ka je gaban manya ka tuɓe takalmi, ka yi ƙasa, kada ka bari hula ta faɗi." Ya yi murmushi ya ce, "Kulu, yau ke ce malamata." Maganata ya bi. In akwai laifi, daga bakina ya fito.

Yau kwanansa tara a kaso. Kun san tarin da ke damunsa tun damanar bara. Audu ya ji a bakin tafinta cewa ranar Alhamis za a kwashe 'yan kaso zuwa fasa dutse a aikin hanya. Ba ina roƙon a yi jayayya da kowa ba. Roƙona dattawa biyu su je da mai gari, tafinta ya fassara wa kumandan, Baturen da ke mulkin Maraɗi, abin da durƙuso ke nufi a wurinmu. Wataƙila ba a taɓa gaya masa ba, kamar yadda mu ma ba a gaya mana ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya jiƙan magabatanmu da ke kwance bakin tabki, ya tsare tsofaffinku daga irin wannan rana.

Don Allah ku ba ni amsa kafin la'asar ta gobe, ko za ku je ko ba za ku je ba. In ba za a je ba, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Sai dai ga takalman nan, Audu ya tsinto su a filin, gefe da gefe yadda Malam ya ajiye su. A samu mai kai masa kafin Alhamis.

Na gode.