Hotona a Tankin Acaɓa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Azare.

Ƙanena mawaƙi ne, har Kano an san shi. Da Babanmu ya rasu ya zo zaman makoki, sai masu ɗaukar hoto suka biyo shi har tsakar gida. Mun roƙe su har mun gaji.

Jiya na tari acaɓa zan je kasuwa, sai ga hoton ƙanena manne a tanki. Ga ni nan a bayansa, ba mayafi, ina kuka. Ɗan acaɓan ya ce a tasha ake sayarwa.

Wallahi na gaji. Shi ya zaɓi duniya ta san shi, ni fa? Jama'a ku ba ni shawara, wa zan kai wa ƙara a daina sayar da kukana?