Ruwan Zafin da Na Dafa wa Saratu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Ishaya, ina noma a Gwandu. Waccan da ke zaune bakin ƙofa da sanda, matata ce Saratu.

Bayan ta haifi ɗiyarmu, ana cikin wankan jego, ƙafarta ta hagu ta saki, ido ɗaya ya dushe. Inna, ƙanwar mahaifiyata mai yi mata wankan, ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Ni ke kawo itace. Na ƙara.

Duk wankan da aka yi, sai an ɗauko ta ranga-ranga. Ta ce mini, "Maigida, ruwan ga shi ka kashe ni. In na sha iska ina jin dama."

Na ce, "Raki dai! Ke kika fara haihuwa?"

Da jikinta ya huce takan ɗan taka, sai in ce ashe ƙarya take yi. Har wuta na hura ƙarƙashin gadon ƙasa, na sa ta kwanta. Kaitona! Wata safiya hannunta ya mutu, jaririyar ta sulluɓe ta faɗi kan tabarma.

Na ɗora Saratu a jaki zuwa Kalgo, wurin likitan mishan. Da ya gama dubawa ya ce a cikin jini akwai ƙananan dakaru da Allah ya sa su yaƙi cuta. Yana zaton nata ne suka ruɗe, suna cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyinta. Ba zafi ya kawo ciwon ba, amma zafi na kayar da mai shi. Allura za ta kwantar da dakarun, ba ta raba ta da su. Ciwon zai tafi, ya dawo.

Na zaga bayan ɗakin magani na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, masu tsaronta na ciki sun juya mata baya, na waje ma haka. Ka gafarta mini. Ka bar mata ƙafafunta!"

Idon bai dawo ba. Ciwon ya sake kayar da ita bara, kuma ban san gobe ba. Inna har yau cewa take mun yanke jego shi ya sa. Amma da ƙafarta Saratu ta shigo nan, kun gani. Yanzu ruwan randa nake kai mata wanka, sai na tsoma hannuna tukuna.

Na gode wa Ubangiji da ya kashe wutar nan kafin in ƙarasa Saratu. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma in marar lafiya ya ce ga inda ke masa ciwo, ku ji. Amin.