A Raba a Kaka, Kada a Raba da Kaka

Mai girma shugaban taro, dagacinmu Pang Delin. Alƙalan gasar fure da suka taso daga Shaoxing. Dattawan zuri'a na sahun gaba. 'Yan'uwa maza da mata da kuka cika wannan zauren kakanni: ina gaishe ku, ina yi muku barka da shigowar bazara.

Na gode da shayi, na gode da kujera, na kuma gode da aka ba ni, ni Lou Agen, wanda bai taɓa taka ƙofar makaranta ba, damar magana a gaban masu tabarau. Ban iya karanta sunayen da ke jikin tukwanen nan ba, amma ku nuna mini ganye in gaya muku kwarin da aka tono shi, da wanda ya tono, da wanda ya yi ƙarya ya ce shi ne.

Na farko, kun san furen lan na gidanmu, mai dogon ganye da ƙamshi. Surukina ya sauko da shi daga dutse a cikin hularsa, marigayiya matata Xiangu ta shigo gidana da shi a kayan aurenta, ita ce kuma ta yi masa sauyin ƙasa na ƙarshe, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tun da ta tafi na rantse wuƙa ba za ta shiga inda hannunta ya danna ba. Saiwa ta cika tukunya, ganye ya yi cunkus, na ce albarka ce. Shekara huɗu bai yi fure ba, na ce hutawa yake. Tsakiyarsa ta fara ruɓa, na ce idona ne.

Na biyu, ga Aju can, ƙanwar matata, tana rufe baki da hannun riga. Kullum ta biyo ta ƙofata sai ta tambaya ko albasata ta isa miya. Na ce mata gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bara, da aka fara yankan shinkafa, ta leƙa tukunyar, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaya, kai ba tsaron furen kake ba, shaƙe shi kake. Yayata duk shekara uku take raba shi, kana can gona ba ka sani ba. Kana tsammanin daga ina nawa ya fito?"

Jama'a, na yi shekara arba'in ina ba mutane tarihin tukunyar nan, ashe akwai babin da aka ɓoye mini!

Na uku, ga abin da tsofaffi suka bar mana, ku riƙe. Lan mai fure a bazara, a kaka ake raba shi, ranar da dare da yini suka yi daidai. A hana shi ruwa sai saiwar ta yi laushi, a gasa wuƙa a wuta, a shafa garin gawayi a bakin yanka. Kuma kowane kashi ya tafi da kawuna uku, masu kama da kan albasa: kaka, uwa da jika. Tsohon kan nan da ya zubar da ganye, kada ku ce ya gama aiki, shi ke ciyar da sabon toho. A raba a kaka, amma kada a raba da kaka.

Haka na yi. Kashi uku ya fita, sai wani tsohon kai ya ragu shi kaɗai, ba ganye, ba saiwa, duk ya yamushe. Aju ta ɗaga shi ta ce, "Wannan kai ne, Yaya." Na karɓe abina na binne a gansakuka.

Gani ya kori ji. Ga tukwane uku nan, duka sun yi fure, ƙamshin da kuke ji tun daga ƙofa nasu ne. Ɗaya ta 'yata da ke Hangzhou, ɗaya ta wannan zaure, ɗaya ta Aju, ladan rashin kunya. Wannan 'yar ƙaramar tukunya kuwa, mai tsohon kan nan, tawa ce. Aju, taso ki duba da kyau, ga kore nan kamar ƙwayar shinkafa. Kin ce ni ne, to na yi toho.

Mai Sama ya ba mu ruwa a kan kari, ya raya zuri'armu, ya bar tsofaffi kusa da jikokinsu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.