'Yar Motar da Ta Sha Rairayi

A tashar Tasawa, Zubairu na jiran motar Korgom da 'yar motar wasa bisa cinya, irin mai shan mai da ake tuƙawa daga nesa. Ya ɗaga buta zai wanke injin, sai wani dattijo ya riƙe masa hannu.

"A'a, ɗana, ba tukunya ba ce. Mi ya same ta?"

"Tari take ta mutu, Baba. Ƙanena ya aiko wa yarona ita daga Aljeriya, ga shi ƙanen nawa yana tafe, kar ya tarar na kashe ta."

"Rairayi ta sha. Ina soson bakin nan?"

"Na zaci na kwalin da ta zo ciki ne, yana aljihuna."

"Ai shi ne hancinta. Toshe ramin da tsumma tukuna, ka goge jikin da buroshi. Soson ka wanke, ya bushe, ka ɗiga masa mai kaɗan, ka mayar. Injin niƙa nake gyarawa a Mayahi, duk halinsu ɗaya."

Zubairu ya bi umarnin a hankali. Da ya ja igiyar tayarwa, injin ya ɗauki kuka kamar sauro.

"Madalla. Yaron shekararsa nawa?"

Zubairu ya sosa ƙeya. "Bai fara rarrafe ba."

"Allah ya raya shi. Kafin ya girma, ai dole a riƙa motsa ta."

"Baba, motar Mayahi ake kira."

"Bari ta tafi, akwai wata. Miƙo mini abin tuƙin, in ga ko gyaran ya yi."