Dolfin da Ba Ya Tafiya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ba da ni ake maganar ba. Ina zaune a shagon mai tura fina-finai a waya sai wani magidanci ya shigo.

"Mai shago, kana da fim ɗin yarinya da kifin nan mai tsalle?"

"Dolfin? Ai ba kifi ba ne, Yallaɓai. Nono yake ba 'ya'yansa."

"Nono a cikin ruwa? Ikon Allah! To ba ya tsinkewa?"

"Wannan sai ka tambaye shi. Wanne zan tura maka?"

"Wanda ba ya tafiya a ƙarshe. 'Yata kuka take yi in aka mayar da shi teku."

"Duk tafiya suke yi. Can abincinsa yake, in ya zauna ya ci me?"

"Abin da na kasa gaya mata ke nan. Ni ma aikin da na samu nesa ne, jibi zan tafi. Ba za ka yanke min ƙarshen ba?"

Mai shago ya daina danne-danne.

"Zan iya. Amma ran da ta farka ba ta gan ka ba, wa zai yanke mata wannan? Ga wani nan, yarinyar da kanta ta raka shi bakin teku. Ku kalla tare."

Mutumin ya miƙa wayarsa.

"Tura shi dukansa."

Washegari da safe na koma aka tura min, don in ga ko dolfin ɗin ya waiwayo ya dube ta.